Motar haibirid: da gaske tana sauƙaƙa wa muhalli, kuma za ta iya da hanyoyinmu?

Tun da man fetur ya zama abin da ya zama, zancen motar da ba ta shan mai da yawa ya shigo majalisu har a karkara. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. To ga tambayar da ake ta juyawa: wannan mota da ake kira haibirid, wadda dillalai ke cewa tana kare muhalli tana kuma tausaya wa aljihu, gaskiya ne ko daɗin bakin mai talla ne? In gaskiya ne, amfanin nata ya tsaya a Landan da Tokiyo, ko ya iso kan hanyar Wudil zuwa Gaya?

Ni dai na fara ganinta ido da ido a ƙauyenmu, ranar wani ɗaurin aure. Ɗan wan mahaifina ne ya zo da ita daga Kano, Prius ce fara, 'yar Kwatano. Muna zaune a gindin darbejiya sai ga mota ta sulalo ta tsaya a gabanmu, ba ƙara ba hayaƙi, sai sautin taya a kan yashi. Akuyar da ke kwance a inuwar katanga ko kunne ba ta kaɗa ba. Baffanmu ya ƙare mata kallo ya ce, "Kai yaro, a garin nan da sai mu yi sati ba mu ga wuta ba, a ina za ka riƙa jona ta?" Ya ce, "Baffa, ai ba a jona ta. Mai take sha, ita ke cajin kanta." Baffa ya ce, "To in mai take sha, me ya raba ta da Golf?"

Wannan tambaya ta Baffa ita ce gindin maganar gaba ɗaya.

Mece ce haibirid, kuma wace ce ba ita ba

Ma'anar kalmar ita ce abin da aka haɗa daga iri biyu, wato ruwa biyu a namu bakin. Motar tana da injin fetur irin wanda kowa ya sani, tana kuma da injin lantarki da ke shan wuta daga wani babban batir da aka ɓoye a bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta. Kwamfutar motar ce ke raba musu aiki. Wajen tashi da tafiya a hankali, lantarki ne ke jan motar. In an taka totur, injin fetur ya farka su haɗa ƙarfi. In an tsaya, ya mutu da kansa.

Ba sabon abu ba ne. Toyota ta fara sayar da Prius a Japan a watan Disamba 1997, Honda ta biyo baya da Insight a 1999. Yau akwai haibirid ɗin Camry da Corolla da Highlander da RAV4 da Lexus.

Akwai ruɗani da ya kamata a kawar, domin a tasha komai haibirid ake ce masa. Motar lantarki zalla ba ta da tankin mai ko salansa, sai an jona ta. Akwai haibirid mai jona wuta, wadda batirinta ya fi girma, tana iya tafiyar kilomita masu ɗan dama da lantarki kafin fetur ya karɓa. Wannan in babu wutar jona ta, kaya kawai ta ɗauko. Akwai kuma wata ƙarama da lantarkinta taimako kawai yake wa inji, bai iya jan mota shi kaɗai, ragin manta kaɗan ne. Sai motar da aka sa wa tukunyar gas na CNG a but, tana shan gas tana shan fetur. Ita wannan mai iri biyu take sha, amma inji ɗaya gare ta, ba ta cikin sahun. Wadda muke magana a kai ita ce irin ta ɗan'uwan nan nawa: fetur kawai ake zuba mata, ba ruwanta da wutar gari.

Ta ina take rage shan mai

Injin fetur mai asara ne. A tuƙin yau da kullum, cikin kowace lita huɗu da aka zuba, kusan uku zafi suke zama, su fice ta salansa da lagireto. Ɗaya ce ke juya taya. Asarar ta fi muni a wurare uku, kuma nan haibirid ta tare.

Na farko, tsayuwa da inji a kunne. Wanda ya taɓa shiga Wudil ranar Juma'a ko Gujungu ranar Lahadi ya san yadda mota ke shafe rabin awa tana rarrafe tsakanin shanu da kanta-kanta da masu baro. Duk wannan lokaci Golf da Sharon mai suke ƙonawa. Haibirid kuwa injinta a kashe yake mafi yawan lokacin, tana matsawa da lantarki.

Na biyu, birki, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Mota ta ƙona mai ta yi gudu, sai ga rami ko shingen hanya, direba ya taka birki. Duk ƙarfin gudun nan zafi ya zama a jikin birki, ya tafi a banza. Dattawa za su tuna dainamon keke, wanda ake jingina wa taya ya ba fitila wuta, mai keke kuma ya ji taka feda ta ƙara nauyi. Haka haibirid take yi. Da ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taɓa birki, injin lantarkin ya juye ya zama janareta, ya riƙe motar, wutar da ya samu ya tura wa batir. Da wannan wuta za a sake tashi. Ba dukan ƙarfin ake tsamowa ba, amma abin da a da yake zubewa yanzu ana tarar wani kaso nasa. Shi ya sa ma takalmin birkinta ke daɗewa bai cinye ba.

Na uku, girman inji. Motar da aka saba da ita ana yi mata inji mai ƙarfin da sai wajen wuce tirela ake buƙatarsa, sauran lokaci yana aiki ƙasa da ƙarfinsa, a inda ya fi ɓarnar mai. Da yake lantarki na kawo ɗauki, an ƙera injin haibirid don tsimi. Toyota ta ce injin Prius ɗin da ta fitar a 2015 yana iya mayar da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin fetur zuwa aiki.

Saboda haka duk wutar da ke cikin batirin nan daga fetur ta samo asali. Amfaninta ga muhalli shi ne man da ba ta ƙona ba, ba ƙari ba daɗi.

Lissafin da ke nuna inda ta fi amfani

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana gwada motoci ta rubuta shan mansu. Ɗauki motoci biyu na 2010, shekarun irin waɗanda ke shigo mana. A cikin gari, Corolla mai giyar otomatik tana yin kusan kilomita 11 da lita ɗaya, Prius tana yin kusan 21 da rabi. Ninki biyu ke nan. A kan babbar hanya, Corolla ta tashi zuwa 14 da rabi, Prius ta ɗan sauka zuwa 20. Har yanzu ta fi, amma tazarar ta ragu sosai, domin mai gudu ɗaya daga Kwanar Dumawa zuwa Kazaure ba ya taka birkin da zai cika batir, injinsa kuma ba ya samun hutu. Waɗannan alƙaluma na sabuwar mota ne a kan kwalta mai kyau. Tsohuwa mai lodi a kan burji ba za ta kai su ba, ko ita ko Corollar.

Mu ƙaddara direba yana yin kilomita 100 kullum, rabi gari rabi hanya. Motarsa ta fetur tana shan lita 8, haibirid tana shan 5. Ragin lita 3 a rana, a kwana 300 na aiki lita 900 ke nan. In lita tana naira 1,000, ya tsira da naira 900,000 a shekara.

Ta fuskar muhalli fa? Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon dayokzaid, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Mutane kan yi mamaki, tunda litar kanta ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na kilo ba. Dalili shi ne sinadarin kabon da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da injin ya zuƙa, nauyin ya ƙaru. Lita 900 ɗin nan ta zama kilo 2,070, wato tan biyu da ɗoriya, nauyin buhun masara 20 na iskar da ba a saki sama ba, daga mota ɗaya a shekara ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya ce amfanin haibirid ƙarya ne bai yi wannan lissafi ba.

Hayaƙi iri biyu ne, kuma indomi ce ke tare na biyun

Nan ake yawan cakuɗa magana. Kabon dayokzaid ba ta da launi ba ta da wari, ba ita ke sa tari a tasha ba; illarta a can sama take, tana riƙe zafin rana. Abin da ke shiga huhu daban ne: kabon monokzaid mai kisa a ɗaki rufe, da iskar naitirojin okzaid mai ƙona maƙogwaro, da ɗanyen man da bai ƙone ba, da ƙananan ɓurɓushin toka. Haibirid tana rage waɗannan ma, musamman a inda mutane ke cunkushe, tunda a nan ne injinta ke kashe kansa. Mai tallan gyaɗa da mai shayi da ɗan kamasho da ke wuni a bakin salansa su za su fi kowa jin bambanci.

Amma babban mai gadin huhu wani abu ne da ke cikin salansa, wanda kanikawa ke kira indomi saboda ƙananan ramukansa. An shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinum da faladiyom da rodiyom, su ne ke mayar da iskar guba ta zama mai sauƙin illa kafin ta fito. Saboda tsadar ƙarafan nan ake fasa salansa a kwashe shi a sayar, wani tun a tashar jirgin ruwa, wani a gareji, a toshe wurin da bututu. Wani ma gaya maka zai yi cire shi yana ƙara wa mota numfashi. Na haibirid ya fi shiga ido, har a Turai da Amurka ɓarayi sun fi bin sa. Motar da aka cire wa indomi, ko haibirid ce, duk lokacin da injinta ke aiki guba take fesawa kai tsaye. Mai saye ya sa a ɗaga motar a duba salansa. In ya ga sabon walda a tsakiyarta, ya tambayi dalili.

Batir: ƙarfinta, kuma rauninta

Masu sukar haibirid suna cewa wajen ƙera batir ana ɓata muhalli fiye da abin da motar za ta gyara. Akwai ƙamshin gaskiya a farkon maganar. Haƙar nikel da litiyom da kobalt tana cin ƙasa da ruwa, kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Kwango yake fitowa, inda aka sha samun rahoton yara a ramukan haƙa. Mu ma yanzu ana haƙar litiyom a jihar Nasarawa, kuma mun ga abin da haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba ta yi a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400.

Sai dai girman batirin shi ne abin dubawa. Na Prius ɗin 2010 yana ɗaukar kusan kilowat-awa 1.3. Batirin sola guda ɗaya mai lamba 200, irin wanda masu cajin waya ke ajiyewa a shago, ya kusa ninka shi biyu. Na motar lantarki zalla kuwa yakan kai kilowat-awa 40 zuwa 60 ko fiye. Mafi yawan kabon ɗin da mota mai inji ke saki a rayuwarta daga man da ta ƙona yake, ba daga masana'anta ba, don haka ɗan ƙarin da batirin haibirid ya jawo tana biyan sa da wuri.

Raunin da ya shafe mu shi ne shekaru. Garantin da Toyota ke ba batirin a Amurka a wancan lokaci shekara 8 ne ko mil 100,000, wato kilomita 160,000, daga ƙirar 2020 aka ƙara zuwa shekara 10. Motocin da ƙarfinmu ke kaiwa mafi yawa sun riga sun wuce nan. Da yawa batirinsu na ci gaba da aiki lafiya bayan garanti, wasu kuma sun gaji. Batir in ya gaji, injin fetur ya daina samun hutu, shan mai ya tashi, ragin da aka saye ta dominsa ya zube, ga kuɗin sauyi mai nauyi yana jira. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Abin da nake tsoro shi ne su ci shekarun tsimin motar, mu kuma a turo mana ita lokacin da batirin ya kusa zama shara.

Zafi, ƙura, ruwa da rami

Babban abokin gabar batirin nan zafi ne, mu kuma a watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yana wuce 40. Da iskar cikin mota ake sanyaya shi: akwai wata 'yar taga a gefen kujerar baya, da fanka a ciki mai jan iska zuwa batir. Bayan hunturu ɗaya, motar ɗan'uwana ta fara kunna fitilar gargaɗi, fankar na gurnani. Na raka shi wurin wani mai gyaran wayar mota a Kano. Da ya kwance murfin, fukafukan fankar sun yi dam da ƙura da gashi da zaren tabarma, kamar an cusa auduga. Da buroshin haƙori da iska ya wanke ta tas, fitilar ta mutu. Ya ce masa, "Yaya, duk wanda ya zauna a baya kada ya jingina jaka ko buhu a wannan tagar, numfashin motar ke nan." Aikin minti talatin ne, amma rashinsa na iya cinye batir. A motar haya da ake cusa mutum huɗu a baya da kaya a cinya, wannan taga ita za a fara toshewa.

Ruwa ma haka. Batirin yana da wuta sama da bolt 200, wayoyinsa masu ruwan lemo ne don gargaɗi, kuma suna iya kisa. Mai ratsa kududdufin damina a hanyoyin Auyo ko Ringim ya sani cewa in ruwa ya shiga cikin motar ya kai batir, an yi babbar asara. Daga cikin motocin gwanjo da ake kawowa daga Amurka akwai waɗanda ambaliya ta taɓa cinyewa. Warin ruma a kafet da tsatsa a ƙarƙashin kujera su ke tona su. Prius kuma tana da ƙasa-ƙasa, ba motar yashi da kwazazzabo ba ce.

Sai halayenmu na tuƙi. Ba a tura ta ta tashi, ba ta da sitata irin ta sauran motoci, babban batirin ne ke tayar da inji. Wanda ya saba ƙarar da mai ƙaf ya lallaɓa da lantarki zuwa wurin 'yan bumburutu zai iya zuƙe batirin har motar ta ƙi tashi ko an zuba mai. Baƙin mai sai siriri wanda kamfani ya rubuta, man iyakwandishan ma nata daban ne. Kuma shirun nan nata da ya burge mu ranar ɗaurin aure haɗari ne a lungun da yara ke wasa da inda makafi ke bin hanya da kunne. Tarayyar Turai ta wajabta sa wa sababbin irin motocin nan na'urar ƙara tun 2019, amma tsofaffin da ke iso mana yawanci ba su da ita. A cikin gari sai a hankali, hannu kusa da hon.

Shin za ta tsayar da hamada ko ambaliya?

A'a, kuma bai kamata a yaudari kowa ba. Afirka duka abin da take fitarwa na kabon bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Ɗan Najeriya a tsaka-tsaki bai kai tan ɗaya a shekara ba, Ba'amurke yana kusan tan 14. Wanda bai ci nanin ba, nanin ta ci shi: mu ke ganin damina tana rikicewa, mu muka ga ambaliyar 2022 ta share gonakin shinkafa a kwarin Haɗeja. Najeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa za ta daidaita kabon ɗin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa daga iska nan da 2060, kuma sufuri na cikin lissafin, amma ko duk motocin Jigawa sun koma haibirid gobe, yashin da ke matsowa ta Maigatari da Babura ba zai tsaya don haka ba. Shi nasa maganin yana wurin bishiya, da yadda ake sare ta don itace da gawayi, da yadda ake kiwo da noma. Ambaliyar kuma tana da nata dalilan na gida, kamar ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa.

In ma zancen hayaƙin da ɗan karkara ke shaƙa ake yi, mota tana can ƙasan layi. A ƙauyenmu motocin da ke kwana ba su cika hannu biyu ba. Babura kuwa ba a ƙirga su. A Kura da Bunkure da Garun Malam, injin ban ruwa na wuni yana ƙugi a bakin fadama duk rani. Ga ƙaramin janareta a shagon aski da wurin niƙa. Uwa uba murhu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa. Da za a ba ni kuɗin haibirid ɗaya a ce in kashe su don iskar ƙauyenmu, famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana zan saya wa manoma, da murhu mai tsimin itace ga iyayenmu mata. Wannan ra'ayina ne, kuma ina tsaye a kansa.

Duk da haka ba na cikin masu cewa zancen haibirid na 'yan birni ne. Ɗan ƙauye ba ya da mota, amma kullum yana biyan kuɗin man wani: a kuɗin mota zuwa asibiti, a kuɗin ɗauko taki, a farashin da ake yanke masa a buhun gero saboda dako zuwa Dawanau. Motar haya ita ce ta fi kowace tafiya, don haka a jikinta ragin lita 3 a rana ke zama tan biyu na kabon a shekara. Motar da ake ajiyewa a rumfa sai Juma'a, ragin nata kaɗan ne, zaman ma yana kashe mata batir.

Masu goyon bayan CNG suna da hujjarsu: gas namu ne, ya fi araha, kabon ɗinsa ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin biyar, gwamnatin tarayya kuma ta ƙaddamar da shirinsa tun 2023. Masu son lantarki zalla su ma suna da tasu, tunda ba ta da salansa kwata-kwata. Amma dukansu biyu suna jiran abin da bai iso ƙauye ba tukuna, ɗaya gidan gas, ɗaya tsayayyar wuta. Haibirid ba ta jiran komai sai bakanike.

Tana tafe ko mun shirya ko ba mu shirya ba

Abin da kasuwar Amurka ke saye yau shi muke hawa bayan shekara goma. Sienna da direbobinmu ke ji da ita a dogon zango, tun daga ƙirar 2021 Toyota ta mayar da ita haibirid zalla a can. Camry ma ta bi sahu daga ƙirar 2025. Yaron da ke koyon kanikanci yau a Gaya ko Gumel ko Birnin Kudu, waɗannan motoci ne za su cika garejinsa lokacin da zai zama mai gidan kansa. In bai iya karanta na'urar gwajin kwamfuta ba, bai san yadda ake cire makullin babbar wuta da safar hannu ta roba kafin a taɓa batir ba, ko dai ya rasa aiki ko ya rasa ransa. Makarantun koyon sana'a na jihohin Kano da Jigawa da ƙungiyoyin kanikawa su ya kamata su fara wannan horo tun yanzu.

Mai niyyar saye kuwa, kada ya tsaya a fenti da sanyin iyakwandishan. Batirin Prius irin na 2010 ƙananan batura ne gida 28 aka jera. Wasu masu sayarwa sukan canza gida ɗaya ko biyu da suka mutu, su goge gargaɗin a kwamfuta, motar ta yi wata biyu lafiya sannan ta dawo da ciwonta. A sa na'ura a ga ƙarfin kowane ɓangare yayin da motar ke tafiya, a kuma lura da ma'aunin batir a gaban direba: in yana cika ya zube cikin 'yan mintuna, batirin ya gaji.

Sai kuma tambayar da har yanzu ba mu tanadar wa amsa ba a karkara: in batirin ya mutu, ina za a kai shi? Nauyinsa ya kai kilo 40, cikinsa nikel ne da wani ruwa mai cin fata. Mun san yadda ake yi da tsohon batirin mota da na sola: 'yan gwangwan su saya, a fasa da guduma a bayan gari, ruwan ya tsiyaye a ƙasa kusa da rijiya, yara na tsintar guntaye. A ƙasashen da aka ƙera motocin, kamfani ne ke karɓar tsohon batir ya narke ya fitar da nikel a sake amfani da shi. A nan hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin dokokin irin wannan shara, amma doka sai da wurin karɓa. Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne a ɗora wa masu shigo da batiran da masu sayar da su a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da ke Kano nauyin karɓar tsoho a duk lokacin da suka sayar da wani, su biya mai kawowa kuɗin da ya fi na ɗan gwangwan, a kuma sa wurin tarawa a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma.